Mai Kashe Kuɗin da Ba Nata Ba

A Maraɗi idan aka ce wane yana aiki a sashen saye na wani babban kamfani, ba a tambayar nawa ne albashinsa. Murmushi ake yi, a ce ai ya samu. Kowa ya riga ya yanke hukunci cewa albashin na shan ruwa ne kawai, ainihin tuwon yana cikin kashi goman da ƴan kasuwa ke turo masa ta bayan fage. Ban taɓa damuwa da wannan magana ba sai da ta faɗo kan ƙanwata, uwa ɗaya uba ɗaya, wadda yau shekara biyar ke nan tana saya wa wata babbar masana'anta kaya a Yamai. Ba zan faɗi sunan masana'antar ba, ba zan kuma faɗi abin da take sarrafawa ba, don masana'antun ƙasarmu ba su yi yawan da mutum zai ɓuya a cikinsu ba. Wanda ya ƙirga matatar mai ta SORAZ da ke arewa da Damagaram, wadda aka buɗe a 2011, ya ƙara da simintin Malbaza, ya haɗa da ƴan kamfanonin madara da ruwa da sabulu da katifa na Yamai, to ya kusa gama lissafi.

Ni a gidan rediyo nake aiki, nan Maraɗi. Na yi karatun jarida a IFTIC ta Yamai na dawo gida, kuma cikin shirye-shiryen da nake gabatarwa akwai na matasa da neman aiki, sau ɗaya a mako. Duk ranar da muka buɗe layin waya sai an samu mai lisans da zai kira ya ce ya gaji da yawo da takardu daga wannan buro zuwa wancan, ya tambayi wace ƙofa ce ba a cika turereniya a bakinta ba. Nakan ambaci sashen saye, amma minti biyu ba sa isa a yi bayani, ga talla tana jira, ga mai kula da na'ura yana ɗaga mini yatsa ta bayan gilashi. Shi ya sa na ga gara in zauna in rubuta, tun da a gidanmu aka yi abin.

Ƙanwata ta yi lisans ɗinta a Jami'ar Tawa, ɓangaren tattalin arziki da tafiyar da kamfani. Ta yi hidimar ƙasa a wani buron gwamnati tana buga wasiƙu, sannan Allah ya ba ta istaj na wata shida a masana'antar nan, wato zaman koyon aiki da ba a ba mutum komai sai ɗan kuɗin taksi. Ta tafi da zaton za a zaunar da ita gaban kwamfuta a ɗaki mai sanyi. Shugaban sashen, wani dattijo da ya fara aiki tun ana cika takardar oda da biro da kabon, ya duba takardunta, ya jinjina kai, ya tura ta mangaza.

Daren ranar ta kira ni. "Yaya, ni fa lisans gare ni. Ga ni nan ina ƙirga kusoshi da wani tsoho da ko BEPC bai da."

Wata uku ta yi tare da tsohon nan, kuma har yau takan ce rabin abin da take ci da shi a wurinsa ta samo. Shi ya nuna mata cewa boris mai lamba 6205 da wanda aka ƙara wa 2RS a ƙarshen lambarsa girmansu ɗaya, amma na biyun yana da murfin roba gefe biyu da ke hana ƙura shiga. A ƙasar da hunturu ke cusa ƙura har cikin tukunya, haruffan nan uku su ne bambancin injin da zai yi ta aiki da wanda zai tsaya tsakar dare. Shi ya koya mata juya kwali ta dubi rubutun jikinsa, don jabun boris ma da sunan babban kamfani yake zuwa. Ya koya mata bambanta giris da giris, da gane buhun da zai fashe a hannun ɗan dako tun kafin a zuba masa komai. Dattijon can na sama ya san abin da yake yi da ya tura ta ƙasa. Wanda bai san kaya ba, takarda kawai yake saye, kuma duk ɗan kasuwar da ya zauna da shi minti biyar zai gane haka.

Da istaj ya ƙare aka riƙe ta, mataimakiyar mai saye. A nan na fara fahimtar yadda aikin yake, don duk hutun da ta zo sai na zaunar da ita na yi ta mata tambayoyi kamar na samu baƙuwa a situdiyo. Ashe mai saye ba shi ke cewa a sayi abu ba. Injiniya ko mai kula da wani sashe ne ke rubuta takardar buƙata. Ita kuma ta nemi farashi daga wurin mutum uku aƙalla, ta jera su a takarda guda: kuɗi, inganci, kwana nawa kafin kaya su iso, da yadda za a biya. Wani na sama da ita ya sa hannu, sannan a fitar da takardar oda. Idan kaya suka zo ba ita ke karɓa ba, mai mangaza ne zai ƙirga ya rubuta abin da ya gani. Kwantabul kuma ba zai biya ba sai ya ɗora takardu uku gefe da gefe, ta oda da ta karɓa da faktir ɗin mai kaya, ya ga bakinsu ya zo ɗaya. Mai buƙata daban, mai saye daban, mai karɓa daban, mai biya daban. Na ce mata wannan ai rashin yarda ne tsagwaronsa. Ta ce haka ne, kuma shi ne rufin asirinta, don ranar da aka zo bincike takardun nan ne za su yi magana a madadinta.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne mafi arha ba shi ke cin ciniki kullum ba. Hausawa sun ce araha ba ta ado, amma a masana'anta abin ya wuce ado. Idan aka samu rangwamen jika 200 a kan wani ƙarfe, ƙarfen ya karye, injin ya tsaya kwana biyu ma'aikata suna zaune ana biyan su, to an yi asarar da rangwamen shekara guda ba zai cike ba. Ga kuma lissafin lokaci. A ce masana'anta na cin buhu 10,000 kowace rana, kuma daga ranar oda zuwa ranar da kamiyo zai tsaya a ƙofa kwana 45 ne. Ke nan ranar da buhunan mangaza suka sauko 450,000 an riga an makara idan ba a yi oda ba, don ba a bar komai na ko-ta-kwana ba. A cika mangaza kuma da kayan shekara guda, mai kamfani ya ce an kwantar masa da kuɗi suna shan ƙura. Tsakanin waɗannan biyun take kwana take tashi.

Kayan waje kuma suna da nasu karatun. Akwai ƙa'idoji 11 da Majalisar Ƴan Kasuwa ta Duniya da ke Paris ta tsara, ana kiran su Incoterms. An fara fitar da su a 1936, bugun da ake aiki da shi yanzu na 2020 ne. Haruffa uku-uku ne, amma su ke faɗin inda nauyin mai sayarwa ya ƙare, na mai saye ya fara. EXW na nufin ka je ƙofar masana'antarsa ka ɗauka. FOB, shi zai ɗora maka a jirgin ruwa, daga nan ya rage naka. CIF, ya biya kuɗin jirgi da inshora har tashar da kuka ambata. Ga mutumin Legas ko Abijan, CIF kusan ƙofar gida ne. Ga mu da ba mu da teku, kaya sun sauka Kwatano ke nan, saura tafiyar da ta haura kilomita 1,000 kafin Yamai, saura tiranziter mai fitar da kaya daga tasha, saura kamiyo, saura duwan. Sabon shiga yakan ga farashin CIF ya yi murna, ya manta da wannan duka.

Shekararta ta biyu aka kawo ragon. Saura kwana uku Sallar Layya, wata mota ta tsaya ƙofar gidan Inna, yara biyu suka sauke wani balami fari sol, suka ce saƙo ne daga Alhaji, a gai da uwar Madam. Kafin in iso daga aiki an ɗaure shi gindin bedi, an ba shi dusa, maƙwabta sun shigo sun sa albarka. Inna sai fara'a take, ta ce ɗiyarta ta fara abin arziki. Da na kira ƙanwata na faɗi sunan Alhajin sai ta yi shiru. Yana cikin masu kawo musu kwali, kuma a makon nan ne ake duba sabon farashinsa.

"Yaya, don girman Allah ka mayar da shi yau. Kada ya kwana."

Inna ta karɓi wayar. "Ke, ba a mayar da hannun kyauta baya. Mutum ya girmama ki, ki watsa mishi ƙasa a ido? Ke ce za ki gyara duniya?"

"Inna, ki yi haƙuri. Ba ni ya ba, kujerar ya ba. In na ci ragon nan, gobe ya kawo kwali mai laushi ba ni da bakin cewa a mayar."

Ni na mayar da ragon, bayan Magariba, a bayan a-daidaita, ina riƙe da ƙahonsa yana ta harbin ƙafata. Abin da ya tsaya mini a rai a hanya ba ragon ba ne. Tsakanin Yamai da Maraɗi ya fi kilomita 600, kuma ƙanwata ba ta taɓa gaya wa mutumin nan unguwarmu ba. Ya bincika ne, ya gano inda uwarta take, don ya san inda ya fi wuya a ce a'a. Ban kira shi mugu ba, haka ya saba, kuma da alama a wasu wuraren hakan na yi masa aiki. Amma kuɗin ragon ba daga aljihunsa zai fito ba, yana nan kwance cikin faktir na gaba. Inna ta yi kwana biyu tana amsa gaisuwata a taƙaice.

Mu ƴan jarida mun san irin wannan a namu gidan. Bayan taron manema labarai akan miƙa ambulan, a ce kuɗin mota ne. Mai bayarwa bai taɓa cewa kada ka faɗi laifina ba, ba ya ma buƙatar faɗi. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Na ga gwanayen ma'aikata da muryarsu ta yi ta laushi a hankali, shekara bayan shekara, har tambayar da suka yi suna da ita ta gagare su. Namu jika biyar ne ko goma, nasu ƙanwata miliyoyi ne ke wucewa ta gabansu, amma yadda abin ke ɗaure harshe iri ɗaya ne. Dokar kamfaninsu ta yarda da kalanda da biro da littafin rubutu na sabuwar shekara. Abin da ya wuce haka sai a rubuta a kai sama.

Sai 2023 ta zo. Ranar 26 ga Yuli sojoji suka karɓi mulki, ranar 30 ga wata CEDEAO ta sa takunkumi. Aka rufe iyakar Najeriya da ta Benin, Najeriya ta yanke wutar da take ba mu, wadda ita ce kaso mafi yawa na abin da ƙasar ke amfani da shi. Ba siyasar abin na zo yi ba, mun yi ta a rediyo har muryoyinmu suka dushe. Abin da na gani shi ne yadda lamarin ya sauka kan teburin yarinya guda. Suna da kwantena a tashar Kwatano, wasu kuma suna cikin teku sun nufo can. Gadar da ke tsakanin Gaya da Malanbil a rufe, kamiyoyi sun yi layi a ɗaya gefen. Kwantena kuwa ba ta zama kyauta: idan kwanakin da kamfanin jirgi ya ba ka suka cika, kowace rana kuɗi ne, kuma ba ruwansu da dalilinka. Ga injin wuta na masana'anta da aka saya don ɗaukewar awa ɗaya ko biyu, ya koma aiki dare da rana, yana shan gazuwal, yana cin matatar mai da bel.

Hanyar da ta rage ita ce Lome, a ratsa Togo a shiga Burkina Faso, a bi ta Dori a shigo ta Tera, cikin ayarin da sojoji ke rakiya saboda ƴan bindiga. Ayari ba ya tashi don kayanka sun shirya, sai ranar da aka ce. Lissafin kwana 45 ya tashi daga aiki, ba wanda zai iya ce maka ga ranar isowa. A watannin nan idan na kira ta ƙarfe goma na dare tana buro. Ta zauna da injiniyoyi suka bi jerin kayan mangaza ɗaya bayan ɗaya: wanne ne idan ya ƙare injin zai tsaya, wanne ake iya lallaɓawa, wanne maƙerin Yamai zai iya feƙewa a injin ɗinsa idan an kai masa tsohon. Ƙananan kaya masu tsada suka hau jirgin sama, ko da kuɗin ɗaukar ya fi na kayan. Nan ne wata ukun mangaza suka biya ta, don da injiniya ya ambaci lamba ta san abin da yake nufi, ta kuma san abin da zai iya maye gurbinsa. Masana'antar ta rage aiki, ta sallami ƴan aikin rana na wani lokaci, amma ba ta rufe ba. An ɗage takunkumin ranar 24 ga Fabrairu 2024, iyakar Najeriya ta buɗe a watan Maris, ɓangarenmu na gadar Gaya kuwa ya ci gaba da zama a rufe. A cikin shekarar aka cire mata "mataimakiya" daga sunan muƙaminta.

Buɗewar iyakar Najeriya ce ta kawo maganar Kawu, kuma ita ce ta fi ragon nauyi nesa ba kusa ba.

Kawu yayan Inna ne. Da mahaifinmu ya rasu ina aji uku a kwaleji, ƙanwata kuma tana firamare, shi ya ɗauke mu. Buhun hatsi duk wata, kuɗin lakwal, kuɗin motar zuwa Tawa, har kwamfutar da ta rubuta kundin lisans ɗinta da ita, duk shi ne. Ɗan kasuwa ne irin na Maraɗi, irin waɗanda wani Bafaranshe, Emmanuel Grégoire, ya rubuta littafi sukutum a kansu a 1986. Yana sayo kayan ƙarfe da na aiki daga Kano. A lokacin naira ta faɗi warwas: tun da aka sake ta a watan Yuni 2023 take gangarowa, farkon 2024 dalar Amurka ɗaya ta kai wajen naira 1,500. Sefa kuwa tana ɗaure da yuro, 655.957, ba ta motsi. Mai sefa a aljihu ya shiga kasuwar Kano sarki ne. Kawu ya lissafa ya ga zai iya kawo wa masana'antar safar hannu da takalman aiki da giris a farashin da na Yamai ba za su iya ba. Kuma gaskiyarsa ce.

Bai kira ta ba. Ni ya kira, don ni ne babba, ya zaunar da ni kan tabarma a zaurensa bayan Isha'i.

"Kai aka saurare a rediyo, kai za ka yi wa ɗiyar nan magana. Ban ce ta yi sata ba. Kayana sun fi kyau, sun fi arha. In ba ta ba ni ba wani za ta ba, shi kuwa wanin me ya taɓa yi mata?"

Na ce, "Kawu, zan isar da saƙo."

Na isar. Ta daɗe ba ta ce komai ba, sannan ta ce ba za ta hana shi nema ba, ba ta da ikon haka, amma dole ta rubuta wa shugabanta cewa mai neman nan kawunta ne, ta cire hannunta daga fayil ɗin, wani ya duba. Kuma sai Kawu ya kawo abin da kowa ke kawowa: rajistar kasuwanci, lambar haraji ta NIF, takardar shaidar ba a bin sa haraji, faktir mai TVA na kashi 19, da asusun banki da sunan kasuwancin. Ya kuma yarda a biya shi bayan kwana 60.

Da na mayar da amsa Kawu ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Ya ce shekara talatin yana aika miliyoyi Kano da kalmar baki, ba a taɓa cin sa ba, bai taɓa cin kowa ba, yau ɗiyar da ya goya ce za ta tambaye shi takardar shaida.

Na daɗe ina juya maganar nan, kuma ban yarda da masu cewa wannan karon wayewa ne da jahilci ba. Tsarin Kawu tsari ne, kuma yana aiki. Uban gida ya san yaronsa, ya san uban yaron, ya san masallacin da yake salla. Wanda ya ci amana sau ɗaya ya gama kasuwa daga Maraɗi har Kantin Kwari. A wannan duniyar, ba ɗan'uwanka ciniki shi ne hankali, don shi ne wanda ba zai gudu ba. Amma a tsarin nan mai kuɗin yana zaune a wurin, kuɗinsa ne, idan ya ga dama ya yi asara don zumunci. Ƙanwata kuɗin da take kashewa ba nata ba ne. Masu shi ba su san Kawu ba, wasunsu ba su taɓa taka Maraɗi ba. Abin da ke gare su a madadin sanin mutum shi ne takardun nan. Da ta ba shi cinikin a ɓoye, ko da kayansa sun fi na kowa, ranar da aka gano dangantakar ba wanda zai tsaya duba ingancin safar hannu. Kuma duk odar da ta taɓa sa wa hannu cikin shekara huɗu sai an sake kallon ta da wani ido. A ganina daidai ta yi. Sai dai ban ga laifin Kawu ba da ya ji ciwo, don a ma'auninsa abin da ta yi butulci ne, kuma da wannan ma'aunin ne ya ciyar da mu.

Bai nema ba. Ya ce ba zai yi layi a ƙofar ɗiyarsa ba. Sallar da ta biyo baya ta zo gida, ta je gaishe shi da turmin shadda, ya karɓa, ya sa albarka, ya tambaye ta hanya, bai ƙara komai ba. Da can sai ya riƙe ta hira har dare yana tsokanar ta da maganar aure. Inna tana tsakiya, yayanta a gefe, ɗiyarta a gefe, ta daina tayar da zancen. Har yanzu haka ake. Babban ɗansa dai na ji ya je ya yi rajistar kasuwanci da sunansa, ya karɓi NIF, amma ya ce ba don masana'antar su ƙanwata ba, wasu ƙungiyoyin agaji yake hari.

Abin haushin shi ne duk wannan bai wanke ta a bakin mutane ba. Da ta sayi moto, da bashin banki da ake cirewa daga albashinta, sai da wata ƴar'uwa ta ce a gidan biki, "Ai dama, mai sashen saye." A cikin masana'antar ma ba a tuna da su sai abu ya ƙare. Idan injin ya yi wata shida bai tsaya ba injiniyoyi ake yaba wa, ya tsaya rabin yini kuma wayarta ce za ta fara ƙara. Wanda ke son a riƙa tafa masa, ya nemi wani aikin, ko ya zo rediyo.

Ga masu kira na a shiri, abin da nakan iya cewa kaɗan ne. Lisans ɗin tattalin arziki ko na sufuri da adana kaya yana buɗe ƙofa, amma na ga mai takardar fasaha ma ya shiga, don ya san injin. A iya Excel sosai, ba buɗewa da rufewa ba. Faransanci kaɗai ba ya isa, don masu kayan suna Legas da Dubai da Indiya da Sin, kuma da Ingilishi suke rubuto wasiƙa. Ƙanwata da daddare ta koye shi, yanzu tana tara kuɗin jarrabawar CIPS, wata cibiyar masu wannan sana'a da ke Ingila, wadda manyan kamfanoni ke girmama takardarta. Kada kuma a raina Hausa. Abokan aikinta da suka yi karatu a waje, idan ciniki ya kai Kano ita suke miƙa wa waya, don ta san yadda ake gaisuwa kafin a taɓa maganar kuɗi, ta san "albarka" ta farko ba ƙarshen zance ba ce. Idan aka tura ka mangaza kuma, ka tafi.

Matakalar ba ta da tsawo: mataimaki, mai saye, babban mai saye, shugaban sashe. Dattijon da ya tura ta ƙirga kusoshi ya kusa ritaya, amma akwai mutum biyu a gabanta, kuma masana'antun da za ta iya komawa idan ta gaji da jira ba su da yawa, sai dai ƙungiyoyin agaji ko kamfanonin mai da na ma'adinai. Tana tunanin hakan, ba ta yanke ba.

Wata mai zuwa kamfanin zai tura ta Lome, ta zauna da tiranziter ɗinsu ido da ido, ta ga yadda kwantena ke fita daga tasha, da inda kwanakin ke salwanta tsakanin saukar jirgi da tashin kamiyo. Ta riga ta cika shafi biyu da tambayoyin da za ta yi masa. Shekara biyar tana bin sawun jiragen ruwa a kwamfuta, ta san sunayensu, ta san kwana nawa suke yi daga Shanghai, amma ba ta taɓa ganin teku ba. Inna ta ce ta tsaya nesa da ruwan, ta kuma taho mata da man kwakwa.